Jan Ɗigon Lungun Ya Falmata

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Mun fara. Ni da ɗalibaina, kowa da waya a hannu, muna bin tsofaffin bututun ruwan unguwar Lamisula lungu-lungu. Inda muka ga fashewa ko tsatsa sai a ɗauki hoto, a sa jan ɗigo a taswira, nan take ya isa kwamfutar Injiniya Kashim a ofishin ruwa. Ya ce wasu bututun sun girme shi, kuma inda aka sa ja nan za a fara gyara. Na ce wa yaran ba aikin neman maki ba ne wannan, garinku kuke zanawa. Sa'adiya ta fi kowa saurin ganewa, har tana koya wa sauran. Yarinyar nan za ta yi nisa.

Laraba, 9 ga Afrilu
Matar nan! Ya Falmata suke ce mata, mai tuyar ƙosai a wani lungu bayan masallaci. Bututu ya fashe a wurin tun lokacin ambaliya. Sun haƙa rami a ƙarƙashinsa, sun binne rabin duro, duk lungun nan suke ɗiba. Ina ɗaga waya ta sha gabana da cokalin tuya a hannu. "Malama, hoton me? Ruwan gidanku ne?" A gaban ɗalibaina! Na danne zuciya na yi mata bayani: ga kwata a gefe, duk lokacin da aka ɗauke ruwa bututun yana zuƙar ƙazanta, yara su sha. Ta ce, "To ki ba su taswirar su sha." Matan wurin suka kwashe da dariya. Na sa ɗigon.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na bi layin bututun a taswira har ƙarshensa. Gidana ya nufa, a unguwar Fezzan. Shi ya sa famfona ba ya fitar da komai sai iska, kullum ina jiran mai tura kurar ruwa. Ashe ruwana take sha tana zagina.

Talata, 15 ga Afrilu
Ɗigon ya ɓace. Na duba, Sa'adiya ce ta goge. Sa'adiya! Ban ma san a lungun take zaune ba. Na tsayar da ita bayan an tashi. Ba ta ko musa ba. "Malama, babu gida ɗaya mai famfo a lungunmu. In an toshe, ina za mu ɗiba?" Na ce taswirar da ta yi ƙarya sau ɗaya ta zama takardar naɗe ƙosai. Na mayar da ɗigon tana kallo. Ta ce, "Ke dai ruwa zai zo miki." Wa ya koya mata wannan bakin in ba waccan matar ba?

Laraba, 16 ga Afrilu
Sa'adiya ba ta zo ba. Ta huta, mu ma mun huta.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Har yau babu ita. Phebe, wata ɗalibata, ta karɓi rukuninta, tana ƙoƙari, amma... Na je wurin Injiniya, wai in tambaya ko za a kafa musu famfon unguwa. Ban san me ya kai ni ba. Ya ce sai an gama ceto tsofaffin layuka tukuna, kuma taswirarmu bututu take gani, gidan da babu bututu fili ne kawai a cikinta. Gaskiya ya faɗa. Haushinsa na ji duk da haka.

Juma'a, 2 ga Mayu
An gyara. Ja ya koma kore. Famfona ya yi tari, ya zubo da jan ruwa, sannan fari tas. Na cika duk abin da ke gidan. Daidai na yi, ko yau aka sake zan sa ɗigon.
Da yamma na bi ta lungun. An cike ramin, duron na kife. Ya Falmata ba ta ko ɗago daga kaskonta ba. "An yi wanka lafiya, Malama?" Muguwar mata. Can na hango Sa'adiya da jarka a ka, ta nufi wata unguwa. Ta gan ni, ta kau da kai.

Lahadi, 4 ga Mayu
Na jona tiyo a famfo don ban ruwan bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gida, sai na manta ƙofar a buɗe. Mantuwa ce. Phebe kaɗai na gaya wa, ita kuma ba ta iya riƙe magana.
Kafin azahar jarkoki sun yi layi har titi. Sa'adiya ta zo, ta ce "Ina wuni" tana kallon ƙasa. Na ce gobe ƙarfe takwas, kuma ta zo da wayarta, akwai gidajen da ba mu sa a taswira ba. Ta cika jarkarta ta tafi, ba ta dai ce a'a ba.
Ya Falmata ta zo daga ƙarshe, ta cika jarka biyu, babu godiya. Wai tiyon ya yi gajere, sai mutum ya sunkuya kamar mai roƙo.
Gobe zan sayo dogo. Saboda bishiyar.