Sale Ya Tsaya a Tsakiyar Fatiha

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya maigida da yara?

Kin san halina, da gumina na kafa shago a unguwar Bani Malik, ban taɓa tsoron komai ba. Sai yanzu. Ƙaninmu Sale, da ya buga wa ƙasa ƙwallon zari-ruga muna taƙamar ko an fasa masa kai ba ya barin fili, jiya ya ja mu Magariba ya tsaya cak a tsakiyar Fatiha. Na tuna masa ayar, ya juyo ya ce, "Malam, wane ne kai?" Likita ya ce karon da ya sha a ka wajen wasan ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Kada Inna ta ji tukuna. A sa shi a addu'a, ki turo muryarki ko ita zai gane. Gaida kowa.

Ƙaninki,
Habu