Ni Na Sa Baba Ya Kwashe Rumbun Tsimi

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe. Shekara guda ke nan ina riƙe da maganar nan, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta. Mahaifina manomi ne, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na wuce sakandare. Na fara difloma a fannin kasuwanci a Kano, inda aka koya mana rubuta shiga da fita, da fitar da riba daga jari. Tun daga nan Baba ya daina kiran sunana, sai dai Akawu. A bayan gidanmu akwai rumbun tsimi, wanda ake yaɓe bakinsa da laka, ba a buɗe shi sai abinci ya yanke, kuma ba mai taɓa shi sai maigida. A shekarar gero dami sittin ne a ciki. Ashirin daga ciki na 'ya'yan yayana ne da ya rasu, marayu uku, amfanin gonar ubansu da Baba yake ajiye musu.

Da na zo hutu bayan kaka, sai na zauna da biro da kalkuleta na yi lissafi. An koya mana cewa jarin da yake kwance asara ne. Na rubuta cewa idan aka sayar da geron, na kama ɗan shago a Rijiyar Zaki inda ɗalibai suke da yawa, kafin bazara zan sayo gero na mayar, riba ta rage. Na kai wa Baba takardar yana gyaran gatari a zaure. Ya juya ta, ya sake juyawa, don ba ya karanta boko, ya yi dariya ya ce, "Akawu, wannan takardar taka ana tuƙa tuwo da ita?" Na ce, "Baba, lissafi ne, ba ya ƙarya." Ya ce, "Na marayu fa yana ciki." Na ce, "Nasu ma da ƙari zai dawo." Kwana uku ina binsa har gona. A na huɗu ya ce, "Ni ban je makaranta ba. Tunda ka ce ka auna, shi ke nan."

Ranar da Inna, mahaifiyata, ta tafi suna Bagwai, aka kawo amalanke da rana tsaka aka kwashe rumbun tas. Ni na kwaɓa lakar, Baba ya yaɓe bakin kamar yadda yake, ya mayar da jinka. Inna ta dawo ba ta ga wani canji ba.

Wallahi ban yi caca ba, ban yi shaye-shaye ba, ban kashe wa budurwa ba. Kullum ina rubutu a littafi, layi-layi, yadda aka koya mana. Amma shekarar ce kaya suka riƙa tashi kowane mako. Zan sayo katan ɗin sabulu dubu takwas, na sayar da shi ɗaya-ɗaya ya ba ni dubu tara, na rubuta riba dubu ɗaya, na cire ta na ci abinci ko na biya kuɗin makaranta. Idan na koma saro wani, sai na tarar ya zama dubu goma sha ɗaya. Sai na sayo rabi. Littafi yana nuna riba kowane wata, kayan shago kuwa suna ta raguwa. Yaya aka yi ban gani ba? Me ya sa na yarda da biro na ƙi yarda da idona? Jarin nake ci ina kiransa riba. Lokacin da na gane, abin da ya rage ba zai sayi dami goma ba, don geron ma ya ninka kuɗin da muka sayar da shi. Na rufe shagon, makarantar ma na bar ta.

Da bazara na dawo gida na sami Baba yana sharar gona, na durƙusa na gaya masa.  Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kada ka gaya wa uwarka. In Allah ya kai mu kaka, mu riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan, na yaran nan tukuna." Daminar nan Inna ta sha cewa, "Malam, a buɗe rumbun nan mana, yara sun rame." Shi kuma ya ce, "Da sauran lokaci." Sai ya ɗauki fartanya ya tafi ƙodago gonar wasu, mutum mai shekara sittin da wani abu, ya dawo da tiya ɗaya ta masara. Ana tsakiyar marka zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyar ya yi. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar bakwai, Baffa Idi, ƙanen Baba, ya ce a buɗe rumbu a yi wa baƙi abinci, a kuma ware na marayu tunda dangin uwarsu suna nan. Ya hau ya fasa lakar ya leƙa. Ya sauko ya ce, "Inna lillahi! Babu ko zangarniya ɗaya." Nan take wani maƙwabci ya ce ai shi ya ga amalanke tun bayan kaka, Malam da kansa yake ɗora dami. Kawun marayun ya ce, "Ashe haka ne? Mutum da gemu da carbi, ya cinye na marayu?" Ina tsaye a wurin. Baffa ya juyo ya ce, "Akawu, kai da kake rubuta masa komai, ba ka san inda ya kai kuɗin ba?" Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

Wannan ce kalmar da take cina. Mutumin da ya rufa mini asiri har ya shiga kabari, ni ban iya buɗe baki na wanke shi ba. Yanzu a ƙauyenmu idan aka ambaci sunansa sai a yi shiru. Inna ta daina zuwa biki. Idan ta idar da salla nakan ji tana cewa, "Allah ka yafe wa Malam, shekara arba'in ban san shi da haka ba."

Yanzu ta yanke shawarar sayar da 'yar gonar da ta gada a wurin mahaifinta, ta biya marayu, don kada a tsare mijinta da haƙƙinsu gobe ƙiyama. Gonar nan kaɗai ce abin da ta mallaka. Mai saye zai zo ranar Juma'a. Jiya ta kira ni ta ce, "Kai za ka rubuta takardar cinikin, kai na yarda da lissafinka."

Ina aikin lebura yanzu, abin da na tara bai kai dami huɗu ba. Baba ya ce kada na gaya mata, amma ai bai san za a kira shi maci amana ba. Idan na faɗa, zan wanke shi, amma za ta san ɗanta ne ya tsaya yana kallo ana zagin ubansa, ga shi hawan jini ya kama ta tun rasuwar. Idan na yi shiru, gonar ta tafi, sunansa kuma ya tafi a haka.

Jama'a, saura kwana uku. Na ɗauki biron na rubuta, ko na durƙusa na faɗa mata? Don Allah, me zan yi?