Wa Ke Kiran Adda a Sama?

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na sayo abin yau a kasuwa, na hannu ne. Babakura mai gyaran rediyo ya ce sunansa sikana, wai ba tasha yake kamawa ba, yawo yake cikin iska yana tsinto maganar da ba da kai ake yi ba. Na ce ashe Babarbare ne. Ya ce Bafulatani ko ya yi ritaya daga aikin dabbobi sai ya nemi abin kiwo, ga rediyoyi na tara garke guda a ɗaki. Bakinsa ke nan.

Na ɗaure eriya a kan darbejiya. Shuuu kawai nake ji.

Hajiya ta ce yarinya na shirin barin ƙasa, ni kuma ina bisa itace. Addarsu take nufi, babbar 'yarmu. Ta dawo gida da akwatunanta, za ta bi mijinta Jidda, can za ta ci gaba da aikin jinya. Biyar ga Nuwamba za ta tashi daga Kano. Wai sai an yi shekaru kafin su leƙo. To me zan yi? In zauna in tasa ta gaba ina kallo?

Talata, 14 ga Oktoba

Ya yi magana! Bayan azahar, Turanci da gudu kamar ana koran mai yin sa, ga wani gurnani a baya. "Kano" kaɗai na tsinta, sai lambobi. Ya yi shiru, ba wanda ya amsa masa, ya sake zubowa. Gabana ya faɗi, na zaci sojoji ne, har na rufe taga.

Babakura ya ce matuƙa jirgin sama ne masu bi ta kanmu. Mai ba su amsa yana ƙasa a Kano, ya yi nisa, shi ya sa rabin hira nake ji. Ikon Allah. Mutum yana can sama da gajimare, ni ina kan tabarma a Azare da kofin shayi ina jin numfashinsa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da hantsi wata murya ta ce Kano, ta ce "faif Nobemba", ta faɗi wata kalma da ban kama ba, sannan ta kira sunan Addarsu. Sunanta na yanka. Wallahi da kunnena na ji, kuma ya maimaita.

Biyar ga Nuwamba. Kano. Da sunanta.

Ko a nan ba zan rubuta sunan ba, 'yar fari ce. Mahaifina har ya koma ga Allah a Udubo "kai" yake ce mini, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mai muryar nan bai zo ba. Wasu dai suna ta surutunsu.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ya dawo. Murya ɗaya, magana ɗaya. Na tashi na tafi shagon Babakura ko hula ban sa daidai ba. Na ce masa ana kiran wani suna a sama. Ya ce wane suna? Na ce sunan wadda ta shayar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya gane sarai, amma ɗan banzan sai ya ce shi karatunsa bai yi nisa ba, in faɗa masa da baki. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya rufe shago ya biyo ni, muka zauna har la'asar. Jirgin bai ce uffan ba. Ya ce, "Malam Jalo, kunnen tsufa ne, ka sa man kaɗanya."

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na rasa gane kan abin nan. In sunayen fasinja suke karantawa, don me nata kaɗai? Kuma tun yanzu? Ko wani ne ke bibiyarta? Ko gargaɗi ne aka aiko mini ta inda aka san zan ji? Astagfirullah. Ni da na yi rayuwata da allura da ma'aunin zafi, yau ni ne nake tunanin aljanu sun koyi Turanci.

Hajiya ba zan gaya mata ba, jininta ya fi nawa saurin hawa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na ɓata abu yau.

Addarsu ta kawo mini fura, na ce, "Ke, ba a ɗaga tafiyar nan?" Ta ce saboda me, Baffa? Na ce hanyar Kano ba kyau. Ta ajiye kwanon ta dube ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Baffa, in so kake in ƙara kwana, ka faɗa kawai." Bakina ya riga ni, na ce ni ina ruwana, tafiyarki ce.

Da yamma ina alwala na jiyo ta a madafa da uwarta. Ba duka na ji ba. "Ko na tafi ko na zauna duk ɗaya ne a wurinsa." Hajiya na cewa kunya ce, haka muka taso. Ta ce ta sani, amma ƙannenta kowa ana kiransa har da sunan wasa, ita kuwa ta girma ta yi aure ba ta san yadda sunanta yake a bakin ubanta ba.

Ya yi mini ciwo ƙwarai. Ni da na ɗauko ta a kafaɗa daga ruga har bakin titi lokacin da ƙyanda ta kama ta. Ashe ba ta san wannan ba. To wa zai gaya mata, ni?

Laraba, 29 ga Oktoba

Ya sake kira. Na kashe, na kunna, na kashe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Kai, yau na ga ta kaina.

Addarsu tana gwada mini jini a ɗaki, abin awon ɗaure a dantsena, sai ga mutumin a sikana. Na kai hannu zan kashe ta ce in bari, kar in motsa. Ta saurara. Ta ce me yake cewa haka? Ta ciro waya ta dinga latsawa, can sai ta yi murmushi. Wai ba kwanan wata ba ne, lambar jirgi ce. Duk jirgin ƙasar nan lambarsa da biyar da harafin N take farawa, su kuma matuƙa ba sa faɗin harafi tsurarsa, kowanne da kalmar da suke kiransa da ita. N shi ne Nobemba. A shi ne Alfa, L kuma Lima. Alfa Lima yake cewa, ƙarshen lambarsa ke nan.

Alfa Lima. Na maimaita a zuci, na ji kunya ta rufe ni. Wani bawan Allah yana aikinsa tsakanin Kano da gabas, ni ina nan na daina cin abinci.

Sai ta ce, "Baffa, kai me ka ji yana cewa?"

Na ce ba komai.

Ta faɗi kalmomin da sauri ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Na ga lokacin da ta gane. Ta ce, "Shi ya sa ka ce a ɗaga tafiyar?" Na ce ta duba awonta. Ta duba, ta ce jinin ya hau. Ta kwance abin tana naɗewa. A bakin ƙofa ta ce, "To gara jirgin, shi ko bai san ni ba yana kira."

Ban san ko wasa take yi ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ta tafi. Ta durƙusa, na ce Allah ya tsare, ya sa a dace. Ta ɗan jira. Na ce kar mota ta cika ta bar ta.

Ban raka su tasha ba, ba a yi. Na wuni gaban sikana, duk muryar da ta ce Kano sai in ce ko wannan ne. Ba yadda zan sani. Ɗakinta a buɗe, ba kowa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Da safe wata doguwar lamba ta shigo wayata. Na ɗauka. Ban shirya komai ba, wallahi, fitowa kawai ya yi. Na ce, "Halima?"

Sai ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana? Don Allah a ba Baffa wayarsa."

Na ce ni ne.

Na ji tana jan hanci. Daga baya ta ce sun sauka lafiya, gobe za ta sake kira, wai tana da tambaya a kan maganina. Na ce layin ba kyau, na kashe. Layin lafiyarsa ƙalau.

Suɓutar baki ce, wannan sikanan ne ya cika mini kunne. Maganar magani kuwa ƙarya take yi, ita ta rubuta shi da hannunta. So take ta sake ji. Ban san me zan yi ba goben. Na dai sa wayar a caji.