Baba, Yaya Musa Ya Sa Safar Hannu

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske makwancinka, albishir na kawo maka daga kasuwar Utako.

Ka tuna yadda kake haɗa maganin feshi a gonarmu ta Abaji? Hannu ba safa cikin bokiti, kana juyawa kamar mai dama fura. In bakin famfon ya toshe, ka sa baki ka hure. Galan ya ƙare, Inna ta wanke, ya koma na kunu. Kullum kana cewa, "Don ciyawa aka yi shi, ni na yi kama da ciyawa?"

Da hannunka ya fara rawa, shayi yana zuba a rigarka, wasu suka ce tsufa, wasu suka ce sammu. Likita a nan Abuja ya kira ciwon Fakinsan, ya tambayi shekarunka a feshi. Bai ce maganin kaɗai ne sanadi ba, amma ya ce daɗewa cikinsa yana ƙara haɗari.

To, Yaya Musa ya gaji gonar, ya gaji hura famfon, ya gaji taurin kan. Shekara biyu ina roƙonsa. Wai shi ba likitan tiyata ba ne da zai shiga gona da takunkumi.

Sai na tuna sana'ata. Baba, mai sayar da atamfa ta san magiya ba ta sa mace saye, sai ta ga zanen a jikin maƙwabciya. Na sayi safar hannu, takunkumi, takalmin roba da riga koriya shar. Ban aika wa Yaya ba. Na aika wa Ɗanjuma mai gonar gefe, abokin gasarsa a noman masara tun suna samari.

Kwana huɗu! Yaya ya bugo waya yana huci, wai na fifita bare, ga shi manoma na kiran Ɗanjuma oga. Na ba shi haƙuri da sanyin murya, alhali nasa kayan na ƙarƙashin teburina tun ranar farko. Washegari na aika masa. Yaya ba ya karatu a waya, shi ya sa na saki baki na tona asirin a wannan wasiƙar.

Jiya matarsa ta turo hoton Yaya sanye da kayan. Ido kawai ake gani, ya ƙame kamar soja. Na yi dariya har ta koma hawaye. Da ma na iya wannan wayon tun kana raye.

Allah ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yaya kuwa, Allah ya kai shi tsufa da lafiyar hannunsa.

'Yarka mai baki,
Asabe