Na Ƙona Robar Auta, Yanzu Ƙirjinsa Na Ruwa

Assalamu alaikum Malama Firdausi. Ki taimake ni don Allah, na gaji da kai kuka inda ba a amsa min. Shekara goma sha ɗaya ina tambaya ɗaya, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta. Na san Allah ne mai kyautawa, ai ba ita na tambaya ba.

Ni ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. 'Yata Laraba ce ke rubuta wannan, na ce mata kada ta gyara min magana. Wanzami ne ni, ɗan wanzami, a wani ƙauye tsakanin Daura da Zango. Rabin mazan garinmu ni na yi musu kaciya.

Damuwata ɗana ne na ƙarshe, bari in ce masa Auta. Shi na so ya gaji zabirata. Tun yana ƙarami cikin mata yake zama, da ya girma ya ce min shi tun da ya yi wayo mace yake jin kansa. Na yi duka, na ba shi rubutu ya sha, na kai shi wurin malamai har Dutsi. Ƙarshe ya tsallaka iyaka ta Kongolam, ya zauna can yana tuyar waina, yana ɗaura zane, ana kiransa Haulatu. Mutanen da na yi wa kakanninsu aski suka daina kirana askin suna. Ƙanena ya ce in tsine masa. Liman ya ce in yi haƙuri. Har uwarsa ta rasu ba wanda ya faɗa min laifin da na yi.

Bara da Laraba ta haihu ya zo barka, cikin kayan maza kamar yadda na sharɗanta masa. Na buɗe jakarsa, ban ce na yi daidai ba, amma gidana ne. Na tarar da wasu robobi biyu masu laushi kamar ɗanyar hanta, siffar nono. Laraba ta ce silikon ake ce musu. Na jefa su murhu. Washegari ya tafi.

Ashe da ya koma sai ya sayi wasu na banza a kasuwa, ba sa zama a jiki, shi ne ya riƙa manna su da sholishon masu facin taya. Ga bazara, ga shi wuni yake gaban wuta. Mako uku da suka wuce abokan sana'arsa suka kawo min shi. Ƙirjin ya yi jawur, ƙuraje sun fashe, fata ta saɓule daidai zagayen robar kamar an zana da aska. Gefen hagu ya kumbura, yana wari, tun Talata kuma zazzaɓi ya shiga.

Ni a sanina mugun jini ne, sai an tsaga an kafa ƙaho. Na ɗauko zabira, Laraba ta tsaya bakin ƙofa ta hana ni, ni da na haife ta. Da ta tafi gidanta na barbaɗa masa garin bagaruwa da toka. Ya ƙara lalacewa. Asibiti kuma ya ƙi, wai za a tuɓe shi a yi masa dariya, ko a kira hukuma, tunda an san zamanin da muke ciki. Ni ma, in faɗi gaskiya, akwai waɗanda suka san ni a asibitin nan.

Maƙwabta na cewa hukuncin Allah ne. To in hukunci ne, me ya sa bai sauka ba sai da na ƙona masu kyaun? Laifina ne, ko nasa, ko na robar? In kafa ƙahon ko in bari? Kada ki ce min Allah ya kyauta, Malama. Na tsufa. Ko sau ɗaya dai wani ya amsa min.

Tsohon wanzami, ƙasar Daura

Wa alaikumus salam Baba. Zan amsa maka, kuma da ƙaho zan fara: kada ka kafa, kada ka tsaga. Na riga na kira Laraba ta lambar da ta saka, domin wannan ba ya jiran fitowar jarida, amma ga shi a rubuce a karanta maka.

Abin da ka kwatanta ƙaiƙayin fata ne da ya zama gyambo. Roba marar kyau, zufar da ta taru ƙarƙashinta, da sholisho wanda ba a yi shi don jikin mutum ba, kowanne na iya jawo haka, ko ga macen da aka yanke wa nono saboda ciwo take sa irin robar. Wari da kumburi da zazzaɓi kuwa alama ce ƙwayar cuta ta shiga, tana iya bin jini. A wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a daina toka da bagaruwa, a tafi asibiti yau. A tafi da gwangwanin sholishon likita ya gani, kada a ɓoye masa abin da ya taɓa fatar. Aikin likita ya haɗa da rufa asirin marar lafiya, amma ba zan ce tsoron Auta banza ne ba. Ku je garin da ba a san ku ba, ku nemi ganin likita a keɓe.

Batun laifi, ga abin da na gani. Ba kai ka shafa sholishon ba, Auta ya yi ganganci da jikinsa. Amma ƙona robar bai sauya abin da ke ransa ba, sai dai ya tura shi ga mafi muni, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto. Ba ni da hurumin fatawa, ba zan kuma ce zafin da ka sha a garinku ƙarami ne ba. Sai dai ban san malamin da ya ce a bar marar lafiya ya ruɓe a ɗaka ba. Idan ya warke ya koma ga robar, ko ka so ko ka ƙi, gara ya san a cikin aljihun auduga ake sa ta, ba a manna ta, ba a wuni da ita cikin zafi. Laraba ta faɗa masa in kai ba za ka iya ba.

Baba, shekarun da ka yi kana tsayar da jini, ba ka taɓa tambayar mai rauni halinsa kafin ka ɗaure masa ba. Abin da ke tsakaninku, har da sunan da za ka kira shi, sai yana raye za ku yi maganarsa. Ka rataye zabira, ka sa hularka, ka shiga motar tare da shi. Kunyar da yake tsoro za ta ragu in ubansa na zaune a gefen gadon.

Allah ya ba Auta lafiya, ya saka wa Laraba da alheri, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Malama Firdausi