Shayin Farko da Hantar Yayana

Malam Maman Lawali, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan tambaya. Ina Sabha ta Libiya ina leburanci. Wani direba ya kawo mini kaset daga Jiratawa, muryar Tahira ce, matar yayana Zakariya'u, rabi magana rabi kuka. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Sun kai shi asibitin Maradi suka tarar ana yajin aiki, suka juyo. Mun yi rawa da aka ce dimokuraɗiyya ta zo, ga abin da ta kawo mana.

Yanzu abokan fadarsa ta shan shayi ne likitocinsa. Wani ya ji a rediyo koren shayi yana kare hanta. Ka san cikin zubi ukun shayi, na farko mai ɗaci babba ake miƙa wa, to duk butar da aka ɗora shi ake ba, tun bai karya ba. Na so in zage su, amma su ke ba gonarsa ruwa, ni da muke ciki ɗaya sai sauraren kaset. Shayin nan zai tashe shi? In na taho aikina ya tafi.

Ɗan Jiratawa a Sabha

Ɗan'uwa, rediyo bai yi ƙarya ba, rabi suka ji. Koren shayi yana da sinadaran da aka ga suna rage wa ƙwayoyin hanta wata lalacewa mai kama da tsatsa, amma yawanci a ɗakin bincike ne da jikin ɓeraye. Ba su gyara hantar da ta riga ta kumbura ciki. Shayi mai kauri a cikin da babu abinci ma yana iya ƙara mata nauyi.

Kada ka zagi 'yan fada, girmama shi suke yi. Ka aika musu kaset da godiya, ka roƙi su koma ba shi na uku, marar ƙarfi, bayan abinci. A daina ƙwayoyin 'yan talla da gyada mai fumfuna. Su mayar da shi Maradi su nemi likitan sashen gaggawa, ko ana yajin akan bar wani, a auna jininsa.

Ba zan ɓoye maka ba, alamomin nan masu nauyi ne. Za ka sake samun leburanci. Ka taho tun yana gane muryarka. Allah ya ba shi sauƙi, ya kawo ka lafiya.