Ƙwallon da Ake So In Kuskure

Zuwa ga malama Tokiwa-sensei, mai wannan filin ba da shawara,

Ki taimake ni kafin ranar Lahadi ta sama, domin na ƙulla wani abu a raina kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Shekaruna saba'in da ɗaya. Ban taɓa rubuto wa jarida damuwata ba, hasali ma ina cikin masu yi wa irin wannan fili dariya. Yau ga ni.

Ni tsohon ɗan wasan besbol ne, wasan da ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya doka da sanda, in har za a kira mutum ɗan wasa bayan ya riƙe sanda sau goma sha tara a babbar gasa bai yi bugu ko ɗaya da ya shiga littafi ba. Mahaifina shugaban makaranta ne. Na karanta tarihi a jami'a a Tokyo, kuma aikin gwamnati yana jirana lokacin da wata ƙungiya ta ɗauke ni. Ba zan faɗi sunanta ba. Mahaifina ya yi wata uku bai yi mini magana ba, kuma ban taɓa samun damar nuna masa cewa ya yi kuskure ba, domin bai yi ba.

A shekarar da aka ɗauke ni aka ɗauki Isogai Katsuzo, mai jifa, ɗan masunci daga wani ƙauye a bakin teku. Shekararsa sha takwas, na girme shi da huɗu. Ranar da aka nuna mu ga 'yan jarida ni na ɗaura masa naktaye, don bai taɓa sawa ba. Kamata ya yi ya riƙa ce mini senpai kamar yadda ƙarami ke kiran na gaba da shi, amma da ya gan ni da littafi a cikin motar ƙungiya sai ya laƙaba mini Farfesa. Sunan ya bi ni har yau.

A shekararmu ta uku, a sansanin horo na watan Fabrairu, babban koci ya raba mu gida biyu ya ce wanda ya nuna kansa zai hau babbar tawaga. Aka haɗa ni da Isogai. Jifa uku ya yi mini, na kai duka sau uku, iska kawai na doka. Ya cire hula ya rusuna ya ce, "Yi haƙuri, Farfesa, hannuna ne ya zame." Har koci sai da ya yi dariya. A watan Oktoba aka bugo waya aka ce in zo ofis washegari, in sa kwat. Duk ɗan wasa ya san abin da kwat ke nufi a watan Oktoba.

Ba su kore ni gaba ɗaya ba. Tunda na yi karatu, sai suka ba ni aikin leƙo abokan karawa. Nakan riga tawaga zuwa kowane gari da kwana uku, in zauna bayan raga da fensir ja da shuɗi, in rubuta kowace ƙwallo da aka jefa wa masu dukan ƙwallonsu, wadda suke so da wadda suke tsoro. Shekara ashirin da shida na yi a haka, ina cin taliyar soba a tsaye a tashar jirgin ƙasa. Littattafan suna nan a kwali cikin kabad, sun fi ɗari uku. Matata Fumie ta gaji da roƙon in ƙona su.

Ga abin da ke cina. Shekara arba'in da suka wuce mun ci kofin ƙasa, sau ɗaya tak a zamaninmu. Kafin wasan ƙarshe na yi mako biyu ina kallon babban mai dukansu, har na gano cewa in yana jiran ƙwallo mai gudu yakan ɗaga diddigen hagu kaɗan kafin mai jifa ya motsa. Isogai ba ya son karatu, in ka ba shi shafi biyu sai ya goge baki da su. Don haka sai na zana masa ƙafar mutumin, na sa jar kibiya a diddigen. A zagaye na tara, na ƙarshe, saura mutum ɗaya mu fitar, muna gaba da maki ɗaya, diddigen nan ya ɗaga. Ina bayan raga na gani, na ga Isogai ya gani. Ya sako ƙwallo a hankali mai lanƙwasa, mutumin ya kai duka ya kuskure, ya yi juyi ya faɗi a gwiwa, wasa ya ƙare. 'Yan wasa suka ɗauki Isogai suna cilla shi sama. Da aka miƙa masa makirfo aka tambaye shi yadda aka yi ya zaɓi wannan ƙwallo, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ban iya tunani ba, jikina ne ya gaya min." Jaridu suka yi wata guda suna rubutu a kan ilhamar ɗan masunci. Sensei, ashe ni ne jikinsa ban sani ba.

Isogai ya ci wasa ɗari da tamanin da bakwai kafin kafaɗarsa ta mutu. Yanzu yana sharhi a talabijin, yana tallan maganin ciwon gwiwa, mutane suna tsayar da shi a tasha don ya sa musu hannu. Ni kuwa ranar da na bar aiki an ba ni furanni a baranda, mutum shida suka tafa. Aikina ma ya mutu. Yanzu kyamara ce ke ƙirga juyin ƙwallo, masu kwamfuta da ba su taɓa riƙe sanda ba su ke gaya wa mai jifa abin da zai yi, shi kuma da ya yi kyau shekara uku sai ya haɗa kayansa ya tafi Amurka. Ba wannan ya sa na rubuto ba, amma kin ga ko gurbin da zan nuna in ce nan na zauna babu.

Ranar Lahadi ƙungiya za ta yi bikin cika shekara arba'in da wancan kofi, kuma Isogai ne zai jefa ƙwallon buɗe wasa. Kin san al'ada. Baƙo ya jefa, mai duka ya kai sanda ya kuskure da gangan, ko da ƙwallon ta faɗi ƙasa tun a rabin hanya. Fiye da shekara ɗari muna yin haka, tun ranar da wani babban dattijo ya jefa ƙwallo ta bauɗe, ɗalibin da ke riƙe da sanda ya kai duka don kada a kunyata shi. Makonni uku da suka wuce Isogai ya bugo mini waya da kansa. Ya ce, "Farfesa, ashe kana da rai? Na ce musu kai nake so ka tsaya min. Ai kai ka fi kowa iya kuskuren ƙwallona." Ya yi dariyar nan tasa har da tari. Ni ma na yi dariya, na ce to.

Washegari da safe na tafi wurin da inji ke jefo ƙwallo a bayan babban kanti. Tun daga ranar ban fasa ba, kullum ƙwallo sittin a layin da injinsa ya fi kowane jifa a hankali. An yi wa Isogai aiki sau biyu a kafaɗa, ba zai iya jifa fiye da injin nan ba. A mako na biyu na fara samunta a tsakiyar sanda. Na manta wannan ƙara, na manta yadda take hawa hannu har kafaɗa. Niyyata in doki ƙwallonsa ta wuce ta saman kansa a gaban mutum dubu talatin, in cire hula in rusuna in ce masa hannuna ne ya zame.

Fumie ta ga kantar da ta fito mini a tafin hannu. Ta ce, "Baban yara, kai da ba ka iya ɗauko buhun shinkafa daga mota, gonar wa kake nomewa?"

Don kada ki ce na ɓoye wani abu: duk sabuwar shekara yakan aiko mana da busasshen kifi daga ƙauyensu. Lokacin da aka kwantar da Fumie a asibiti ya yi tafiyar awa shida a jirgin ƙasa, ya zauna da ni a baranda yini guda, bai bari kowa ya sani ba. Abin kunya, ko wannan ma haushi ya ba ni. Na ga komai yana zuwa masa da sauƙi, har kirki. Na san sunan ciwona, hassada ce, na karanta isassun littattafai. Sanin sunanta bai rage ta ba.

Ki gaya mini, in doke ta? In kuwa ba zan doke ta ba, yaya zan tsaya in sake kuskure don a tafa masa?

Mai fensir ja, daga Tottori

Dattijo mai fensir ja,

Bari in fara da inda kake da gaskiya. An ci haƙƙinka a gaban makirfon nan. Mako biyu na idonka ne suka ci wasan, kuma kalma ɗaya ta ishe shi ya ambace ka, bai yi ba. Kada kowa ya ce maka ƙaramin abu ne. Wasan da ya yi maka a waya ma ya yi kaifi ga wanda ya san abin da watan Fabrairun nan ya jawo maka.

Amma kada ka doki ƙwallon nan. Kai da ka shekara ashirin da shida kana rubuta wasa, ka fi ni sanin cewa ƙwallon buɗe wasa ba ta shiga littafi. Bugun da ka rasa kana ɗan ashirin da biyar ba ya cikin hannun tsoho mai ɗinki biyu a kafaɗa. Kuma yadda ka kwatanta mutumin, ina ganin abin da zai biyo baya: zai riƙe kai, ya zube a kan tudun jifa, filin ya fashe da dariya, a ƙara sonsa. Hoton zai zaga wayoyin mutane, kai kuma a san ka a karon farko a matsayin tsohon da ya kasa yi wa abokinsa kara. Fumie-san za ta ci gaba da zuwa kasuwa a garinku bayan Lahadi, ka tuna da ita.

Akwai abin da ka wuce da sauri a wasiƙarka. A al'ada, mai duka na farko na baƙuwar ƙungiya ne ke tsayawa, matashin da bai san Isogai ba sai a tallan magani. Sai da Isogai ya roƙa aka canza. Mutumin da ya san ƙwallonsa na iya faɗuwa a rabin hanya a gaban dubban jama'a ya zaɓi wanda zai rufa masa asiri, kuma kai ya zaɓa. Ban ga zuciyarsa ba. Wataƙila tsokana ce kawai. Wataƙila kuma iyakar godiyar da ya iya ke nan, ita da kifi da tafiyar awa shida.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka taɓa gaya masa, ban samu ba. Shekara arba'in kana shari'a da mutumin da bai san an kai shi ƙara ba. Zai yiwu ma ya manta da zanen, ya yarda da labarin jaridu. Masu nasara sukan yi haka.

Don haka ka buɗe kabad ka nemo littafin shekarar nan. Ka je gidansa kafin Juma'a, ba ta waya ba. Ka ajiye shi a gabansa ka ce, ranar nan ka ce jikinka ne, ni kuwa na yi shekara arba'in ina jin zafin maganar. Idan so kake ya ambaci sunanka ranar Lahadi, ka faɗa masa da bakinka, roƙon abin da yake naka ba kunya ba ne. Ban yi maka alkawarin zai amsa da kyau ba. Yana iya yin dariya, yana iya yin shiru. Ko yaya ya yi, za ka san da wa kake mu'amala.

Idan kuma hannunka na ƙaiƙayin bugu, ka ƙalubalance shi a fili: ranar Litinin, a filin bakin kogi, ƙwallo goma, shi da gaske kai da gaske, matanku su yi alƙalanci. Ina tsammanin zai zo da gudu.

Bayan kun gana, ka tambayi kanka ko ka amince da hannunka. In ba ka amince ba, ka buga wa ƙungiya waya tun da wuri ka janye, babu laifi a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka shiga fili da amsa a baki da wata niyya a ciki. Ka kuma gaya wa matarka gaskiya yau, na tabbata ta riga ta gane ba noma kake yi ba.

In ka shiga, ka kai duka da dukkan ƙarfinka, nesa da ƙwallon, yadda na can saman bene za su gani. A karon farko kai za ka zaɓi ka kuskure, kuma ku biyu kun san da ka so da ka same ta.

Ina yi maka fatan ƙarfin zuciya, da lafiyar ƙugu. Ka gaida Fumie-san.

Tokiwa